Davos: Garin da ke ɓoye dusar ƙanƙara a ƙarƙashin dusar katako



Duk shekara idan watan Janairu ya raba tsakiya, sunan Davos kan cika gidajen rediyo da talabijin. Shugabannin ƙasashe da hamshaƙan attajirai da manyan ma'aikatan bankuna kan yi dafifi a wannan ƙaramin gari na ƙasar Suwizalan domin Taron Tattalin Arzikin Duniya, kowa ya naɗe cikin kwat mai kauri, yana magana tururin sanyi na fita daga bakinsa. Namu ma ba a barin su a baya, domin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya jagoranci tawagar Nijeriya a 2024 da 2025. Sai dai akwai abin da 'yan jarida ba su cika waiwaya ba, wato farin tsaunin nan da ke bayan mai kawo rahoto. Taron kwana biyar ne kacal. Tsaunin kuwa shi ke ciyar da mutanen garin tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Afrilu, kuma a kansa nake so mu tattauna a wannan mako, saboda farin da ake gani a jikinsa yanzu ba dukkansa ne ya sauko daga sama ba.

Davos yana cikin wani dogon kwari ne a tsaunukan Alps, a jihar Graubünden da ke gabashin ƙasar, a tudun mita 1,560 daga gaɓar teku. Mazaunansa kimanin 11,000 ne. Wannan tudu bai ɗara na tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba ba, inda ake noman ganyen shayi, kuma ba a taɓa jin dusar ƙanƙara ta rufe Gembu ba. Bambancin yana wajen rana. Mambila na kusa da tsakiyar duniya, rana na dukansa a tsaye duk shekara. Davos kuwa ya yi nisa can arewa, a watan Disamba rana kan leƙo a karkace, ta yi 'yan sa'o'i, ta faɗa bayan duwatsu tun kafin la'asar ta yi sanyi. Daga birnin Zurich tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa, ana sauka a Landquart a shiga wani jan jirgi mai ƙaramin layi da ke hawan tsaunin yana kwana-kwana.

Abin da ya fara kawo wa garin baƙi ciwo ne. A 1853 wani likita Bajamushe mai suna Alexander Spengler, wanda ya tsero daga ƙasarsa bayan murƙushe boren da aka yi a can, ya kama aiki a wannan ƙauye na makiyaya. Ya lura cewa tarin tibi, wanda a lokacin yake kwasar rayuka a biranen Turai, bai cika kama mutanen kwarin ba, sai ya danganta hakan da busasshiyar iskar tsauni. Labari ya bazu. A 1865 baƙin farko suka zo jinya a tsakiyar hunturu, daga nan aka shiga gina gidajen jinya masu faffaɗar baranda, inda majinyata ke kwanciya a lulluɓe cikin barguna suna shaƙar iska yini guda. Wani Baholande, Willem Jan Holsboer, wanda ya kawo matarsa jinya ta kuma rasu a can, shi ya tsaya kai da fata har layin dogo ya iso garin a 1890. Marubucin nan na Jamus, Thomas Mann, ya ziyarci matarsa a ɗaya daga cikin gidajen a 1912, abin da ya gani kuma shi ya haifar da littafinsa Der Zauberberg da ya fito a 1924.

Masu jinya da 'yan rakiyarsu suna buƙatar abin rage lokaci, ta nan wasan zamiya ya samu ƙofa. Asalinsa daga ƙasashen arewacin Turai ne irin su Norwe, inda ake ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa domin tafiya a kan dusa ba tare da nutsewa ba. Wasu 'yan'uwa biyu mutanen Davos, Tobias da Johann Branger, suka samo allunan suka koya wa kansu, har ana cewa da dare suke gwaji don gudun dariyar maƙwabta. A watan Maris na 1894 suka ɗauki Arthur Conan Doyle, mai littattafan Sherlock Holmes, wanda shi ma jinyar matarsa ce ta kawo shi, suka tsallaka tsauni da shi har garin Arosa. Ya rubuta labarin tafiyar a wata mujallar Ingila, Turawan Ingila kuwa suka yi ca a kan wasan. Wahalar guda ce: kafin mutum ya zamo na minti biyar sai ya yi hawan sa'a guda. An magance wannan a 1931 da 1932 lokacin da aka shimfiɗa jirgin Parsenn, wanda igiyar ƙarfe ke ja a kan layin dogo har zuwa Weissfluhjoch. A Disamban 1934 kuma aka buɗe wata na'ura a gangaren Bolgen da ke bakin garin, ƙirar injiniya Ernst Constam, mai jan mutum sama yana tsaye a kan allunansa. Tsawonta mita 270 ne kawai, amma ita ce irinta ta farko a duniya.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin a shekarun 1940 aka gano maganin tarin tibi, allurar streptomycin, gidajen jinya suka fara zama wayam. Da garin bai riga ya kama wata sana'ar ba, da ya koma ƙauyensa na da. Sai aka mayar da yawancin gidajen otal-otal. An gina zauren taro a 1969, sannan a 1971 Farfesa Klaus Schwab ya kira taron manajojin kamfanonin Turai, wanda aka sauya wa suna a 1987 ya zama wanda muka sani a yau.

Na taɓa zuwa garin sau ɗaya a cikin hunturu. Ban ɗaura allunan ba, domin shekaruna da gwiwoyina ba su ba ni izini ba, amma na sayi tikitin masu kallo na hau jirgin Parsenn, kuma gani ya kori ji. Wanda bai je ba zai ɗauka wasan bai wuce mutum ya hau tsauni ya sulalo ba. A gaskiya masana'anta ce sukutum. Davos da maƙwabcinsa Klosters suna da wuraren zamiya a tsaunuka shida: Parsenn, Jakobshorn, Rinerhorn, Pischa, Madrisa da Schatzalp, kuma idan aka haɗa hanyoyin da aka shata a kansu sun doshi kilomita 300. Akwai motocin igiya masu lilo a sararin sama, akwai kujeru masu ɗaukar mutum huɗu ko shida a jere, akwai masu jan mutum a tsaye irin na Bolgen. Tikitin kati ne da ake sawa a aljihu, ƙofa na jin sa ta buɗe da kanta. A gindin kowane tsauni akwai shagunan hayar alluna da sanduna da hular kwano da wasu takalma masu tauri da nauyi, waɗanda ke sa babban mutum tafiya kamar wanda aka sa wa mari. Akwai makarantun koyon zamiya, inda na ga yara 'yan shekara huɗu sun yi layi a bayan malaminsu kamar 'yan tsaki, suna gangarowa ba ko gezau. A can sama kuma gidajen abinci ne, mutane na zaune a waje cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri suna shan rana, an shafe fuska da mai, domin hasken da dusa ke mayarwa yana ƙona fata, yana kuma iya taɓa ido idan babu tabarau.

An raba hanyoyin da launi. Shuɗiya ta 'yan koyo ce, wadda a kowace mita 100 da aka yi gaba ba a gangara fiye da mita 25. Ja ta matsakaita ce, har zuwa mita 40. Baƙa kuwa ta gwanaye ce, wadda in ka tsaya a bakinta ka leƙa sai hanjinka ya kaɗa. Da misalin ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar na yamma masu sintiri kan bi kowace hanya su tabbatar ba a bar kowa ba, sannan a rufe. Daga nan aikin dare ke farawa. Wasu manyan motoci masu ƙafar katafila kan hau suna turo dusar da ƙafafun jama'a suka gangarar, suna fasa wadda ta daskare, suna daddaɓe ta su bar ta da zane-zane kamar an taje. A wurare masu tsananin gangara motar kan ɗaure kanta da igiyar ƙarfe a wani turke da ke sama don kada ta sulale. Idan dare ya yi aka ɗaga kai daga cikin gari, fitilunsu ake hangowa suna yawo a jikin duhun tsaunin. Da asuba kuma a fitar da rahoton yini: zurfin dusa a ƙasa da a sama, nawa ta zuba a daren, gari ce mai laushi ko ta jiƙe ko ta yi tauri, ƙarfin iska, na'urori nawa ke aiki, hanyoyi nawa ke buɗe. Mai otal da mai hayar takalma da direban tasi duk da wannan rahoto suke karya kumallo, kamar yadda manomi ke duban gabas a farkon damina.

A cikin rahoton akwai lamba guda da ta fi sauran nauyi, ita ce ta haɗarin zaftarewar dusa. Dusar da ke kan tsauni hawa-hawa take, kowace zuba da irin tata. Wani hawan kan kama na ƙasansa da kyau, wani kuma kan zauna a kan wani mai rauni wanda ƙwayoyinsa ba su manne da juna ba, kamar a ɗora faifai a kan tsabar gero. Idan gangaren ya haura digiri 30, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya raunannen hawan, sai fili guda ya tsage ya taho gaba ɗaya da gudun da ya fi na mota. Idan ya tsaya kuma sai ya daskare kamar siminti, wanda ke ciki ko yatsa ba zai iya motsawa ba. Ƙididdigar masu ceto ta nuna cewa cikin waɗanda aka tono a minti 15 na farko, kusan tara cikin goma kan rayu. Bayan an ɗan haura rabin sa'a, abin kan koma kusan ɗaya cikin uku, saboda numfashi ya ƙare. Shi ya sa duk mai fita wajen hanyoyin da aka shata ake so ya ɗauki na'urar da ke aika sigina da shebur da doguwar sandar lalube, domin kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso da karnuka, abokin tafiyarsa ne kaɗai zai iya cetonsa.

Mutanen Davos sun san wannan bala'i a gidajensu. A hunturun 1950 zuwa 1951 zaftarewar dusa ta kashe mutum 98 a Suwizalan. A Janairun 1968 ta afka wa Davos kansa, mutum 13 suka rasu. A Maris na 1988, a tsaunin da ke saman Klosters, ta kashe Manjo Hugh Lindsay, abokin Yarima Charles wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, Yariman kuma yana wurin, da ƙyar ya sha. Martanin da ƙasar ta mayar shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Tun 1936 masana suka kafa sansani a Weissfluhjoch suna nazarin dusa, sansanin da ya zama cibiyar bincike ta ƙasa da ake kira SLF. A wani fili da ke tudun kusan mita 2,540 ana auna dusa kowace safiyar hunturu tun wancan lokaci, shekara kusan 90 ke nan, da yaƙi da annoba ba a fasa ba. Cibiyar ke fitar da hasashen haɗari sau biyu a rana, bisa ma'auni mai mataki biyar da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993. Abin lura shi ne mataki na uku ya fi cin rayuka, kusan rabin mace-macen a nan ake yin su, domin a mataki na huɗu da na biyar kowa na tsoro ya zauna a gida, a na uku kuwa ido kan ga fili lafiya lau. An kuma kakkafa shingayen ƙarfe a jikin tsaunukan da ke saman gidaje don riƙe dusa a inda ta zuba. An hana sare dazuzzukan da ke tare ta, har a 1975 aka dasa itatuwa 92,000 a gangaren Stillberg domin a gano irin waɗanda za su iya rayuwa a wannan tudu. Kafin a buɗe hanyoyi bayan zubar dusa mai yawa, ma'aikata kan jefa nakiya da sassafe su zaftaro wadda ke shirin zaftarewa tun babu kowa a ƙasa. Sakamakon shi ne a yau da wuya a ji ta kashe mutum a cikin gida ko a kan hanyar da aka buɗe. Mutum ashirin da 'yan kai da take kashewa a shekara a ƙasar, mafi yawansu waɗanda suka tsallake igiya ne suka shiga inda ba a shata ba, kuma sau da yawa ƙafarsu ce ko ta abokin tafiyarsu ke tayar da ita.

Karaya da gocewar gwiwa kuwa ruwan dare ne, dubun-dubatar mutane kan ji rauni a kowane hunturu. Wataƙila mai karatu bai san cewa yana da alaƙa da garin ta wannan fuska ba: ƙungiyar likitocin ƙashi ta AO, wadda ta daidaita hanyar ɗaure karaya da farantin ƙarfe da kusoshi a cikin jiki, ta buɗe ɗakin bincikenta a Davos ne a 1959, kuma har yanzu can ne mazauninta.

Duk wannan gini a kan abu ɗaya ya tsaya, abin kuma yana ja da baya. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira ta kwana 100: wurin zamiya ba ya mayar da kuɗinsa sai ya samu aƙalla kwana 100 da dusa mai zurfin santimita 30, a shekara bakwai cikin kowace goma. Suwizalan tana ɗumama kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. A 2022 da 2023 kaɗai, tsohuwar ƙanƙarar da ta shekara dubbai a kan tsaunukanta ta rasa kashi 10 cikin 100 na girmanta. Ranar 1 ga Janairun 2023, a tsakiyar hunturu, ma'aunin zafi ya nuna digiri 20.2 a garin Delémont, ɗumin da mutumin Jos ba zai nemi rigar sanyi saboda shi ba. Hotunan da suka fito daga wurare da dama a makon nan abin tausayi ne: koren tsauni ko ruwan ƙasa, da wani siririn farin ƙyalle a tsakiya kamar an shanya rawani.

Wannan farin ƙyalle dusar inji ce. Ana tara ruwa a tafkunan da aka haƙa a kan tsauni, a tura shi ta bututun da aka binne a ƙasa zuwa wasu na'urori masu kama da bakin igwa ko dogayen sanduna, su fesa shi da iska mai ƙarfi ya zama raɓa, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Ba ya yiwuwa sai sanyi ya kai wajen digiri biyu zuwa uku ƙasa da sifiri, kuma an fi samun sa'a idan iska a bushe take. Kafin a rufe kadada ɗaya da dusa mai zurfin santimita 30 sai an fesa ruwa kimanin lita miliyan ɗaya, ban da wutar lantarkin da famfuna ke sha. Abin da ke fitowa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne masu nauyi, sun ninka sabuwar dusar sama nauyi sau huɗu ko fiye, shi ya sa suka fi jure rana da ƙafa, shi ya sa kuma faɗuwa a kansu ta fi zafi. Sama da rabin hanyoyin zamiya na Suwizalan yanzu suna da waɗannan na'urori. A Italiya abin ya kai wajen kashi 90 cikin 100. Gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022, wadda Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a cikinta, kusan dukkanta a kan dusar inji aka yi ta.

Davos ya ƙara da wata dabara tun 2008. A kwanakin da sanyi ya fi tsanani sukan kunna injuna a bakin kwarin Flüela su tara tulin dusa mai girman kubik mita kusan 20,000. Idan hunturu ya ƙare sai a lulluɓe tulin da dusar katako mai kaurin santimita 40, a bar shi a fili rana na duka ruwa na duka har wata shida. Dusar katakon kan sha danshi, rana ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin, daidai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar gumin da take yi. Masu sayar da ƙanƙara a kasuwanninmu, da ke binne ta cikin dusar katako da buhun algarara, ba za su yi mamakin wannan ba. Idan aka yaye a watan Oktoba akan tarar da kusan kashi uku cikin huɗu yana nan, a kwashe a manyan motoci a shimfiɗa hanya mai tsawon kilomita huɗu domin masu tseren zamiya na dogon zango, tun ganyen itatuwa bai gama zuba ba.

Ni dai ba na cikin masu yi wa mutanen Davos dariya ko tsinuwa a kan wannan. Wanda abincinsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa suka rataya a kan mako biyun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da otal-otal ke cika, ba zai naɗe hannu yana jiran gajimare ba. Baƙon da ya biya kuɗin ɗaki tun watan Agusta ya sayi kifi a ruwa, injin nan ne kaɗai ke ba shi tabbacin zai ga kifin. Abin da ke damuna shi ne kashin dankalin da dabarar ta haifar. Tafki da bututu da injuna miliyoyi suke ci, sai manyan wurare masu tudu irin su Davos, waɗanda kololuwarsu ta kai mita 2,844, ke iya saye, su kuma ɗora kuɗin a kan tikiti, wanda na yini ɗaya ya haura faran 70 na Suwizalan kafin a yi maganar haya da abinci da makwanci. Ƙananan wurare na ƙasa-ƙasa, inda 'ya'yan ma'aikata da manoma ke koyon wasan da araha, ba su da kuɗin injin, in ma sun saya sanyin da zai sa ya yi aiki ba ya samuwa. A Fabrairun 2020 hukumomin yankin Luchon-Superbagnères a Faransa sun kai ga ɗauko dusa kimanin tan 50 da jirgi mai saukar ungulu daga saman tsauni domin rufe filin 'yan koyo, abin da ya jawo musu suka har daga gwamnatin ƙasar. A 2023 wurin zamiya na La Sambuy, kusa da Annecy, ya rufe baki ɗaya, aka yanke shawarar kwance na'urorinsa. Wasan da ya ɗan sauko hannun talakan Turai a rabin ƙarnin da ya wuce yana komawa inda ya fito, wato hannun masu hali.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ci mini tuwo a ƙwarya. A makon taron, hanyoyin zamiya kan zama kusan fayau, domin baƙin taron da masu tsaronsu sun kama ɗakunan garin, sojojin da gwamnati ke amincewa a girke ma kan kai 5,000. Sauyin yanayi ba ya fita daga jadawalin taron, shekara da shekaru. Amma rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a farkon 2023 ya ƙirga tashi da saukar jiragen alfarma 1,040 a filayen jiragen da ke hidimar Davos a makon taron 2022. Mutumin da ya sauko daga irin wannan jirgi, ya leƙa ta tagar otal ya ga gangaren Bolgen fari tas, me zai gaya masa cewa akwai matsala? Injin ya share shaidar daga gaban idon mutanen da suka fi kowa ikon yin wani abu a kai. Makiyayin da ke gefen Tafkin Chadi ba shi da injin da zai fesa masa ciyawa. Da ina da ta cewa a tsarin taron, da na sa an kwashi mahalarta a jirgin Parsenn an kai su filin awon nan na Weissfluhjoch, a buɗe musu littafin shekara 90, sannan a gangaro da su ƙauyukan ƙasa su ga inda dusar ta tsaya.

Alƙaluman da ke gaba ba ɓoyayyu ba ne. Binciken da masanan SLF ƙarƙashin Christoph Marty suka wallafa a 2017 ya nuna cewa idan ba a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, dusar da ke rufe tsaunukan Alps za ta iya raguwa da kashi 70 cikin 100 kafin ƙarshen wannan ƙarni, idan kuwa aka tsayar da ɗumamar ƙasa da digiri biyu, asarar za ta tsaya a wajen kashi 30. Wani binciken na 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28, ya gano cewa a ɗumamar digiri biyu kashi 53 cikin 100 za su shiga matsanancin ƙarancin dusa in babu inji, a digiri huɗu kuwa kashi 98. Ko da an sa injuna a rabin hanyoyinsu, a digiri huɗu kashi 71 ba za su tsira ba.

Saman Davos zai daɗe yana fari, tudunsa zai kare shi na wasu shekaru masu yawa. Inda za a fara ganin ramar shi ne a ƙafafun tsaunin. Hanyar da ta fi kowace suna a yankin ita ce wadda ke tasowa daga kololuwar Weissfluh ta gangara kilomita 12 har ƙauyen Küblis, wanda ke tudun mita 810 kacal, saukar mita 2,000 ke nan a zamiya ɗaya. Ana ba da labarin cewa wasu Turawan Ingila huɗu ne suka gano ta a 1895 bayan sun yi ɓatan kai a kan tsaunin, kuma a kanta aka riƙa yin tseren Parsenn da aka fara a 1924. A da, mai zamiya kan sulalo ta cikin daji da gonakin ciyawa har kusa da tashar jirgin ƙasa, ya kwance allunansa ya hau jan jirgin nan ya koma Davos. A shekarun da hunturu ya zo da ɗumi, rahoton safiya kan nuna saman hanyar a buɗe, ƙarshenta kuma a rufe, masu gidajen abincin da ke bakinta a Küblis su yini suna kallon ciyawa.